Yadda ake zaɓen tanti da ɗaure shi a mashin in zaka kwana a waje

Duk wanda zai sayi tanti don tafiya da mashin, abin da nake fara ce masa shi ne kar ya tsaya kallon hoton da ke jikin kwali inda aka kafa shi a kan ciyawa ya yi kyau. A naɗe zaka duba shi. Mai mota ba ruwansa, but zai buɗe ya jefa, amma kai sit ɗin baya da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, kawai gare ka, kuma nan ɗin ne dai bargo da ruwan sha da kayan faci za su zauna. Ga kuma yanayinmu na Jos, muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu da dare yakan sauko kusa da digiri 10, damina daga Afrilu har Oktoba, a Yuli da Agusta ruwa ba ya wasa, wani lokaci har da ƙanƙara, sannan da ka gangara Hawan Kibo ko ka nufi wajen Wase zafi da sauro ne za su tarbe ka. Tanti ɗaya ake so ya ɗauki duk wannan.

Kayan da zaka tanada

- Tantin kansa, mai riga biyu, bayaninsa na nan tafe
- Guntun tamfol na shimfiɗawa a ƙarƙashinsa
- Fegi na ƙarfe 10 zuwa 12, har da na ko-ta-kwana
- Igiya siririya mai ƙarfi, mita 10 zuwa 15
- Bel mai bokul guda biyu, da robar ɗaure kaya irin wadda ake yankowa daga tsohon tub
- Jakar da ruwa ba ya shiga, in babu ita leda mai kauri guda biyu
- Salatif mai faɗi, kyandir, tsohon burushin haƙori, allura da zare
- Tef ɗin awo irin na tela
- Tocila, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi don hannu biyu ake kafa tanti da su

Guduma ba dole ba ce, nauyi ce kawai, a Filato ba ka rasa dutsen da zaka buga fegi da shi. Amma abin shimfiɗa a ƙarƙashin jikinka dole ne, ko katifar soso siririya, saboda sanyin da ke kama mutum da dare yawancinsa daga ƙasa yake shigowa ba daga sama ba.

1. Auna mashin kafin ka je kasuwa

Ɗauki tef ka auna faɗin kan mashin daga wannan hannu zuwa wancan, ka auna sit ɗin baya har ƙarshen kariya, in kana da jakunkunan gefe ka auna cikinsu, ka rubuta a waya. Abin da kake nema shi ne tantin da in an naɗe shi tsawonsa bai wuce santimita 45 zuwa 50 ba, nauyinsa kilo 2 zuwa 3. Kuma ka sani ba yadin ne ke sa tanti tsawo a naɗe ba, sanduna ne, yadi zaka iya cusa shi yadda kake so amma gaɓar sanda ba ta lanƙwasuwa, don haka ka zaro sandunan ka auna gaɓa ɗaya.

Akwai wanda ake jefawa sama ya buɗe da kansa, mutane na son sa saboda saurin kafawa, toh dan Allah ka bar shi a shagon. In an naɗe shi zagaye yake zama mai faɗi kamar farantin masu talla, ba inda zai zauna a bayan mashin sai dai ya riƙa tare iska, tirela ta wuce ka a hanyar Akwanga kaji mashin na neman ƙwacewa.

2. Girma

In kai kaɗai ne ka sayi na mutum biyu, in ku biyu ne ku sayi na mutum uku. Masu yin tanti suna lissafin mutane ne a kwance kafaɗa da kafaɗa ba kaya, kai kuma kana da hular kwano da jaket da takalmi da jaka, duk ciki za su kwana. In mai shago ya yarda ka shiga ka miƙe, kanka da ƙafarka kar su taɓa bango, tsawon daɓen ya kai mita 2 ko ya ɗan fi. Wanda ke da 'yar rumfa a bakin ƙofa ya fi, nan zaka ajiye takalmi mai taɓo da jiƙaƙƙen renkot.

3. Riga biyu, nan ne maganar take

Tanti iri biyu ne, mai yadi ɗaya da mai riga biyu, wato ɗakin ciki mai raga sannan a lulluɓa masa rigar ruwa daga sama wadda ba ta taɓa shi. Mai yadi ɗaya shi ne mai araha kuma shi ya cika kasuwa, amma araha ba ta ado. Mutum in yana barci numfashinsa da guminsa tururi ne, tururin nan in ya haɗu da yadi mai sanyi sai ya koma ruwa, a daren Jos kuwa yadin sanyi ƙalau yake, shi ya sa zaka ga mutum ya tashi da asuba a tsakiyar hunturu bargonsa ya jiƙe yana rantsuwa tanti na yoyo alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Mai riga biyu tururin yana ratsa ragar ya je ya kwanta a rigar waje ya gangara ƙasa, kai kana ciki a bushe. Kuma in ka sauka inda ake zafi sai ka cire rigar waje ka kwana cikin raga kawai, iska na shiga sauro na waje.

Rigar wajen ta sauko har kusa da ƙasa ta kowane gefe. Akwai masu 'yar hula kawai a tsakar ka, wannan na wasan yara ne a tsakar gida, ruwan da iska ke korowa ta gefe zai shige shi.

Sai ka duba lambar da ake rubutawa a jikin jaka ko takarda, irin 1500mm ko 3000mm. Ma'anarta tsayin ruwan da yadin zai iya riƙewa kafin ya fara yoyo. Don daminar Jos ni ba na ba da shawarar ƙasa da 2000mm a rigar waje, 3000mm ya fi kwanciyar hankali, daɓen ƙasa kuma 3000mm zuwa sama tunda nauyinka na danna shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ba a rubuta komai ba gaba ɗaya, ka ɗauka ba na ruwa ba ne. Juya rigar ka duba ɗinkin ta ciki, ya kamata kaga wani siririn tef mai kama da leda an manna shi a kan kowane layin ɗinki, don ta hujin allura ruwa ke fara shiga ko da yadin mai kyau ne. Daɓen kuma ya tashi sama kamar santimita 10 ta kowane gefe kafin ɗinki ya fara, saboda ruwa mai gudu a ƙasa. A saman rigar a samu 'yar taga ɗaya ko biyu ta fitar da tururi, kuma ko sanyi ya kai yaya kar ka rufe su duka, bargo zaka ƙara.

4. Sanduna

Nemi irin mai sanduna biyu da ke gittawa a sama, wanda yake tsayuwa da kansa ko ba ka buga fegi ba. A wurare irin su duwatsun Shere ko Riyom sau da yawa ƙasar 'yar kaɗan ce a kan dutse, fegi ba ya shiga, mai siffar rami wanda sai an ja shi gaba da baya da fegi kafin ya miƙe wahala zai ba ka a irin wurin nan. Mai tsayuwa da kansa kuwa sai ka ɗaura igiyoyinsa a manyan duwatsu shikenan.

Sandar alminiyam ta fi, ba nauyi kuma in iska ta matsa mata lanƙwasa take yi. Ta faiba ta fi araha amma tsagewa take yi, tsagin kuma yana huda yadi yana shiga hannu. In ita kuɗinka ya kai ba laifi, kawai ka riƙe guntun bututun ƙarfe da sandar za ta iya shiga ciki, in ta karye ka zura shi a wurin ka naɗe da salatif, in babu bututu fegi ɗaya ma ya isa ka ɗora shi a jikin karayar ka naɗe tamau. Kar ka bi dogon tanti da ake tsayuwa a ciki, mita 1 da ɗan wani abu ya isa ka zauna ka sa kaya, gajere shi ke jure iska.

Fegin da ke zuwa da tanti mai araha siririyar waya ce, bugu biyu ta lanƙwashe. Ka je wurin mai walda ya yanka maka rodi siriri tsawon santimita 20, ya lanƙwasa kan, ya fiƙe bakin.

5. In na gwanjo ne

Sabo zaka iya yin odarsa ta Jumia ko ka duba Jiji, ko ka sa wani ya taho maka da shi daga Abuja ko Legas. Wani lokaci kuma akan ci karo da na hannu cikin kayan gwanjo a Katako, kuma wallahi mai kyau na gwanjo ya fi sabo marar inganci, amma sai ka bincika da kyau. Kar ka biya sai an baje shi gabanka. Shafa cikin rigar wajen, in yana danƙo a hannu ko yana wani warin tsami ko kaga fatarsa na ɓarewa fari-fari, maganin hana ruwa shiga da aka shafa wa yadin ya mutu kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Ɗaga yadin saitin rana ka nemi huji. Ja kowane zif sama da ƙasa, ƙirga gaɓoɓin sanduna, ja robar da ke cikinsu kaga ko tana komawa. Ragar da ta yage kaɗan ba matsala ba ce, allura da zare sun gama da ita.

In kuma kuɗin bai kai ba gaba ɗaya, tamfol mai mita 3 ta kowane gefe da gidan sauro da igiya za su kwanar da kai lokacin rani. Ka ɗaure igiya tsakanin bishiyu biyu ka yafa tamfol a kai ka ja gefunansa ƙasa, gidan sauro a ciki ka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Sai dai kar ka ɗaure tamfol a jikin mashin, iska mai ƙarfi za ta iya jawo shi ya faɗo kanka.

6. Kafa shi a gida tukuna

Ka kafa shi a tsakar gida da rana, ka sake kafawa da dare da tocila har hannunka ya saba. Sannan ka sa ƙaninka ya shiga ciki kai kuma ka yi ta kwara ruwa da bokiti ta sama da ta gefe, ya nuna maka inda ke ɗiga. Nan ne kuma zaka yanka tamfol ɗin ƙasa, kuma ga inda mutane da yawa ke kuskure, suna barin sa ya fi tantin faɗi wai don ya kare da kyau, sai ruwan da ke gangarowa daga riga ya sauka a kansa ya bi ya taru a ƙarƙashinka. Ka yanka shi ya gaza daɓen da kamar yatsa uku ta kowane gefe.

7. Naɗewa

Ba dole ba ne tanti ya koma jakarsa yadda ya zo daga kamfani. Raba shi uku, sanduna da fegi wuri ɗaya, ɗakin ciki wuri ɗaya, rigar waje da tamfol wuri ɗaya. Amfanin haka biyu ne, kayan sun fi samun wurin zama a mashin, kuma ranar da rigar ta jiƙe ba za ta jiƙa ɗakin da zaka kwana ciki ba.

In zaka naɗe ɗakin ciki ka bar zif ɗin ƙofa a ɗan buɗe iska ta samu hanyar fita, ka naɗo daga baya zuwa ƙofa kana dannawa da gwiwa. Kar ka riƙa ninke shi a layi ɗaya kullum, wurin ninkin ne ke fara tsagewa. Sanduna kuma daga tsakiya ake fara ninke su ba daga baki ba, don robar ciki ta ja daidai kar ta saki da wuri, haka in zaka fitar da su daga bututun yadin da ake zura su a jikin tanti tura su zaka yi, in ka ja gaɓoɓin za su rabu a ciki. Fegi a sa su cikin 'yar jaka mai kauri, tsohuwar ƙafar wandon jins da aka ɗinke bakinta ta isa.

In ba ka da jakar ruwa, ka sa leda mai kauri cikin jakar da kake da ita ka murɗe bakin ka ninka ka ɗaure, ko ka kai wa masu ɗinkin tamfol ɗin keke napep su ɗinka maka doguwar jaka daidai awon sit ɗinka, tana jure ƙura da rana sosai.

8. Ɗaurewa a mashin

Ƙa'idar ita ce mai nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da kai, marar nauyi ya tafi sama da baya. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka ruwa da kayan sifana su ne za su shiga jakar gefe ko su zauna daf da bayanka, kuma gefen dama da na hagu su yi kusan nauyi ɗaya. Kariyar Boxer tana da ƙarfi, shi ya sa mutane ke jibga mata komai, amma duk nauyin da ya wuce tayar baya yana ɗaga gaba ne, kan mashin ya yi sakayau yana rawa, kuma a kwanonin Hawan Kibo zaka gane haka lokacin da ba ka so.

Ɗora jakar tanti a gicciye kan sit ɗin baya, ta zama ba ta wuce faɗin kan mashin ba don inda kai ya wuce kaya ma su wuce. In da mutum a bayanka sai ta koma kariya tunda ba ta da nauyi sosai. Sanduna su kwanta ƙarƙashin jakar ko a tsaye da tsawon mashin, amma bakinsu da bakin fegi kar su kalli bayanka. Kuma kar ka goya sanduna a jakar baya, in Allah ya kawo tsautsayi aka faɗi su ne za su ji maka ciwo a gadon baya.

Bel biyu zaka sa, kowanne da kansa, kowanne ya ratsa ƙarfen mashin na gaske, ba sigina ba, ba robar jiki ba. In jakar na da hannu ka zura bel ta ciki don kar ta sulale ta gefe. Robar tub tana da kyau don ƙarin riƙo da ƙananan kaya, amma rana na cinye ta, tana tsinkewa ba sallama, kar ta zama ita kaɗai ce riƙonka. Irin robar nan mai ƙugiya a baki kuma ka kiyayi idonka lokacin ja. Abin da na fi jin tsoro a duk harkar nan shi ne jelar bel da aka bari tana lilo, in ta shiga cen ko wayoyin taya za ta iya kulle tayar baya kana cikin gudu, don haka ka naɗe ragowar ka ɗaure ka cusa. Duba gefen salansa, yadin tanti narkewa yake yi nan take, a bar tazarar tafin hannu aƙalla, ka kuma tuna in ka hau mashin zai ɗan zauna kayan su ƙara sauka. Galan ɗin fetur kar ya haɗu da tanti, yana lalata maganin ruwan kuma warin ba ya fita. Danja da sigina da lamba duk su fito fili.

Da ka gama ka kama kayan ka girgiza da ƙarfi, mashin ɗin ne ya kamata ya motsa ba kayan ba. Ƙara wa tayar baya iska daidai yadda aka rubuta don ɗaukar kaya, in shokazobanka mai saiti ne ka ƙara masa tauri. Takardun mashin da katin shaida su zauna a aljihun gaba, ka san akwai dokar hana acaba a Jos da Bukuru ga kuma shingayen jami'an tsaro a hanya, ba ka so a ce sai ka kwance kaya duka kafin ka nuna takarda. Renkot da rigar tanti su zama a sama inda hannu zai kai da sauri.

In ka fita, ka tsaya bayan kilomita 15 zuwa 20, misali in kudu ka nufa ka tsaya wajen Mararrabar Jama'a, ka sake jan bel, don kaya suna zama da girgiza riƙon ya saki. Daga nan duk inda ka tsaya shan mai ka taɓa su.

9. Wurin kwana

Ɗan uwa, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne, kowa ya san halin tsaro a wasu sassan Filato. Kar ka kafa tanti a dajin da ba ka sani ba, kar ka tafi kai kaɗai, ka tambayi halin hanya kafin ka fita, in ka isa ka je ka gaida mai unguwa ko masu kula da wurin ka faɗi ko kai waye ka nemi izini, su za su nuna maka inda ya dace. A gida ma a san inda kake. Ka isa da sauran rana, kafin magariba ka gama komai.

Zaɓi wuri mai ɗan tudu, ba cikin kwari ko busasshen rafi ba don ruwan da aka yi a kan dutse can nesa zai iya isowa da dare, ba kuma ƙololuwar dutse ko ƙarƙashin doguwar bishiya ita kaɗai ba saboda tsawa. Share tsakuwa da ƙaya, duba layin kwarkwasa da ramuka. Juya bayan tantin wajen gabas, ta can hadari ya fi tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take. Buga fegi a karkace kansa na kallon waje, ka ja rigar ta miƙe kar ta taɓa ɗakin ciki. Mashin ka kafe shi nesa kaɗan, ya jingina ta ɓangaren da ba tanti, ka sa faffaɗan dutse ƙarƙashin ƙafarsa kar ta nutse in ƙasa ta jiƙe.

Zif a rufe kullum, takalmi a zazzage da safe saboda kunama. Wuta kuwa ko wace iri ce ba ta shiga tanti, ba risho, ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa, balle gawayi don jin ɗumi. Hayaƙin gawayi ba ya wari, mutum yana barci yake kashe shi.

10. Da safe da bayan an dawo

Cire rigar waje ka kakkaɓe ka shanya a kan dutse kafin ka gama shan shayi ta sha iska. In ruwa bai bari ba ka sa ta a ledarta daban, da rana ta fito a hanya ka tsaya ka baza ta. Ɗaga ɗakin ciki ka zazzage yashi kafin ka cire sanduna, ka ƙirga fegi.

A gida ka shanya komai a inuwa har ya bushe ƙarau, in ka bar shi a jiƙe cikin jaka kwana biyu uku zai yi funfuna kuma tabon ba ya fita. Kar ka sa shi a injin wanki ko ka zuba masa omo, soso da ruwa sun isa. Ƙurar hunturu ita ke kashe zif, ka goge haƙoransa da burushi ka goga kyandir kaɗan. In yadi ya yage ka manna salatif ciki da waje, kar ka sa sufa gulu don yana sandarar da wurin ya ƙara tsagewa. Ajiye shi sako-sako cikin babban buhu, a rataye, inda ɓera da damshi ba za su kai gare shi ba.